Wuƙar aljihu ta rufe a kan yatsana, wace iri zan saya?

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne mai aikin wayarin gidaje da haɗa sola, ina zaune a Mabera cikin garin Sakkwato. Bara maigidana ya yaye ni, yanzu ina da yara biyu da nake fita aiki da su. Damuwata wuƙa ce. Tun da na fara cin gashin kaina nake sayen 'yan wuƙaƙen nan masu naɗewa wurin masu tebur, amma ba wadda ta daɗe: wata tsininta ya karye, wata ta yi sako-sako, wata yaran suka ɓatar. Makon jiya ina tsaga rigar kebul wata ta rufe a kan yatsana, sai da aka yi mini ɗinki. Yanzu na koma reza irin ta lokacin da nake koyo, kuma kunya nake ji in fito da ita a gaban mai aiki. Na ga wata baƙa a Facebook mai maɓalli, ana dannawa ta fito da kanta, kuɗinta ya kai abin da nake samu a mako guda. Mai ɗakina ta ce ɓarnar kuɗi ce, kawuna kuma ya ce in bar kayan banza in je Maƙera Assada a ƙera mini. Me zan yi?

Mai wayarin, daga Mabera

Wa alaikumus salam ɗana. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin wuƙa, yatsan tukuna. In ka ga ba ya lanƙwasuwa yadda ya saba, ko wani gefensa ba ya jin taɓi, kada ka jira a warware ɗinki, koma asibiti, don jijiyar yatsa ta fi gyaruwa in an kama ta da wuri. Ka kuma tambaya ko an yi maka allurar tetanus.

A cikin ku ukun, mai ɗakinka ta fi kowa gaskiya. Kawu ya samu rabi. Kai ma kana da taka, domin wanda aka yaye ya kamata a gan shi da kayan aiki na mutunci, kuma reza tsirara a aljihu ba ƙaramin haɗari ba ce.

Mu fara sallamar baƙar nan ta Facebook. Irinsu don ido aka yi su. Kuɗin ya tafi ne a fenti da maɓalli da ɗan sifirin da ke cilla ruwan wuƙar waje, kuma a garin da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, duk abin da ke da ƙananan sassa masu motsi kwanansa ƙidayayye ne. Ka haɗa da garin siminti da burbushin bulon da kake sassaƙa don binne fayif. Ruwansu galibi kauri gare shi, mai kauri kuwa ba ya shiga rigar waya sumul, tura ta yake yi. Ga kuma abin da ya fi damuna: aikinka na yawo ne, yau Bodinga, gobe Wamakko, jibi wataƙila Gwadabawa ko Illela, kuma ka san yawan shingayen jami'an tsaro a hanyoyinmu a halin da ake ciki. Jami'in da ya zazzage jakarka ya ga 'yar wuƙa mai mariƙin katako kwance tsakanin filaya da testa, kayan aiki ya gani. In ya laluba aljihunka ya zaro baƙa mai maɓalli, makami ya gani, ranar aikin kuma ta ƙare a bayani.

Yanzu mu duba yadda wuƙaƙenka suka mutu, don a nan amsar take.

Wadda tsininta ya karye, ba ka faɗi abin da kake yi da ita a lokacin ba, amma ba yanka ba ne. Ko dai ka ɗaure sukurun soket da ita, ko ka ɓanɓare murfin wani abu, ko ka ciro kilif daga bango. An gasa ƙarfen wuƙa ya yi tauri ne don ya riƙe kaifi, taurin nan kuma shi ke hana shi lanƙwasa, sai dai ya ɓalle. Mai arha da mai tsada duk haka za su yi maka. Maganin wannan ɗan sukundireba ne a aljihun riga, ba sabuwar wuƙa ba.

Wadda ta yi sako-sako, laifin ƙusar tsakiya ne, wadda ruwan wuƙar ke juyawa a kanta. A ta masu tebur, ƙusar tana ratsa roba ne ko gwangwani mai laushi, kullum ramin yana ƙara faɗi har ruwan ya riƙa rawa. Nemi wadda ƙusarta ta ratsa ƙarfe na sosai ta gefe biyu. In sukuru ne mai kan tauraro, ya fi, domin in ya saki kowane mai gyaran wayar hannu yana da abin ɗaure shi. In ƙusa ce da aka dake, ita ma tana gyaruwa: a ɗora ta kan ƙarfe a ɗan bubbuga kanta da ƙaramar guduma, a hankali, ana yi ana gwadawa.

Wadda ta yanke ka ita ce babban darasi. Wuƙaƙe masu naɗewa kashi biyu ne. Akwai waɗanda ba su da makulli, sifirin ne kawai a bayansu ke riƙe ruwan a buɗe. Muddin kaifin kake danna wa kan abu, ba matsala. Amma da ka tura da tsini, ko ruwan ya maƙale a cikin roba ka fizgo shi sama, sai ya naɗe a kan abin da ya tarar, abin da ya tarar kuwa yatsunka ne. Tsaga rigar kebul daidai wannan motsin ne. Saboda haka kai dole mai makulli za ka riƙe. Sai dai makullin banza ya fi rashinsa haɗari, don mutum ya saki jiki da shi.

Makullan da za ka fi cin karo da su uku ne. Akwai na baya, wanda wani dogon ƙarfe ke faɗawa cikin tsaga a gindin ruwan wuƙar da ƙara "ƙwas", sai ka danna wani wuri a bayan mariƙin kafin ta rufu. Wuƙar Buck 110 ta Amurka, da ta shiga kasuwa a 1964, ita ta yaɗa wannan salo, kuma har yau ana kwaikwayonta ko'ina. Akwai na ciki, wani fallen ƙarfe da ke cikin mariƙi, yana zamowa ya tokare gindin ruwan. Wannan shi ya fi yawa a kasuwa yanzu, kuma a nan aka fi yin ha'inci, domin a masu arha fallen siriri ne, da kyar yake kama gefen gindin, ɗan matsi kaɗan ya zame. Ga shi kuma lokacin rufewa babban yatsanka yana kan hanyar kaifi. Na uku zobe ne da ake murɗawa a wuyan mariƙi ya tare ruwan. Ni da za a bi ta tawa, na baya ko zobe, don ba su da wurin ɓoye aibi.

In ka je saye, ko a Babbar Kasuwa ne ko shagon kayan gini, kada kunya ta hana ka gwaji. Mai kaya zai ce maka, "Wagga yuƙa ta Jamus ta, ba ta da irinta." Ka ce masa madalla, ka karɓa ka buɗe ta har ta kulle. Kama ruwan ta baya da yatsu biyu ka girgiza shi dama da hagu, sannan sama da ƙasa. In ka ji ko ɗan "ƙas-ƙas", ajiye ta, wadda take rawa tana sabuwa ba ta da gobe. In ta tsaya cak, riƙe mariƙin ta gefe da gefe yadda ba yatsa ko ɗaya a bakin ramin da ruwan ke komawa, ka danna bayan ruwan a kan teburinsa da ƙarfi matsakaici. Makullin kirki ko gezau. In na ciki ne, leƙa ka gani: ya kamata duk kaurin fallen ya shige ƙarƙashin gindin ruwan, ba ya rataye a baki-baki ba, kuma kada ya zarce har ɗaya bangon, don wannan alamar ya riga ya cinye ne. Sai ka rufe ta ka shafa yatsa a hankali ta wajen tsini. In tsinin yana leƙowa sama da mariƙi, zai huda aljihunka, wata rana ya huda hannunka kana laluben canji. A ƙarshe ɗaga kaifin ga hasken rana ka kalle shi kai tsaye. Kaifi na gaske ba ya ƙyalli. Duk inda ka ga ɗan layin haske, wurin a dakushe yake. Wannan na ƙarshe ba ya hana saye, dutse zai gyara shi, amma yana ba ka bakin neman ragi. Wuƙaƙe biyar iri ɗaya a kwali ɗaya ba sa zama ɗaya, gwada su duka ka zaɓi wadda ta fi. Wannan ne ma ya sa ban son sayen wuƙar aiki ta hoto.

Maganar ƙarfe ba ta kai yadda 'yan intanet ke zuzuta ta ba, amma ka san wannan. Abin da ke ba ƙarfe tauri sinadarin kabon ne, abin da ke hana shi tsatsa kuma kuromiyam, wanda sai ya kai wajen kashi 10.5 cikin 100 kafin a kira ƙarfe marar tsatsa. Wuƙaƙen Sin da yawa suna ɗauke da lambar irin ƙarfensu a gindin ruwa, kuma lambar tana magana. In ka ga 3Cr13, kabon ɗinsa wajen 0.3 ne cikin 100, laushi gare shi, kafin azahar ya dakushe. In ka ga 8Cr13MoV, kabon ya kai wajen 0.8, kuromiyam 13, wannan ya ishe ka aiki, yana riƙe kaifi daidai gwargwado kuma yana wasuwa a kowane dutse. Wadda aka rubuta mata "Stainless" kawai ba lamba, ka ɗauke ta a sahun mai laushi. Za ka ji ana yabon wani ƙarfe da ake kira D2, kuma gaskiya yana daɗewa da kaifi, amma ranar da ya dakushe a wurin aiki za ka sha wahala kafin dutsen kasuwa ya ci shi, ga shi ana yawan buga sunan a kan jabu. Mai sana'a ya fi buƙatar ƙarfen da zai dawo da kaifinsa cikin minti biyu a bakin ƙofa. Kada kuma ka ji tsoron baƙin ƙarfe mai tsatsa. Garinmu busasshe ne, in ban da watannin damina da gumin bazara ba abin da zai dame shi, goge shi da ɗigon mai ya wadatar, kuma ya fi yawancin marasa tsatsa masu arha ɗaukar kaifi.

Tsawon ruwa santimita 7 zuwa 9 ya isa, kauri kada ya wuce milimita 2 zuwa 2.5. Guji mai haƙora irin na zarto, tana yaga rigar waya kuma ba ta wasuwa a dutse. Tsini mai kaifin allura ba amfanin da zai yi maka. Wadda bayanta ya gangaro ya tarar da miƙaƙƙen kaifi, ko mai lanƙwasa irin bakin shaho, su aka yi wa kebul.

In kana son sunaye, akwai tsofaffin wuƙaƙen ma'aikata da suka daɗe suna cin kasuwa saboda arha da ƙarko. Opinel ta Faransa, wadda Joseph Opinel ya fara ƙerawa a 1890 a yankin Savoie, mariƙinta katako ne, an ƙara mata zoben kullewa a 1955. Mai lamba 8 ruwanta santimita 8.5 ne, siriri, yanka kamar me, kuma ba ta da nauyi a aljihu. Aibinta biyu: ba ta jure ɓanɓara ko kaɗan, kuma katakon yana kumbura da damina ya riƙe ruwan, sai ka buga gindin mariƙin a kan benci ya leƙo. Okapi, wadda aka fara yi a Solingen ta Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka, aka mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu a 1988, tana da mai makullin baya da ake jan zobe a sake shi, ƙarfenta baƙi ne mai saurin wasuwa, sai dai takan zo da kaifi sama-sama. Douk-Douk, ita ma ta Faransa ce daga garin Thiers tun 1929, ta yi suna a Arewacin Afirka, kusan ba ta mutuwa, amma ba ta da makulli kuma mariƙinta ƙarfe ne zalla, don haka ba taka ba ce. Duk sunan da ya yi kasuwa yana da jabu. Shi ya sa gwajin hannu ya fi tambarin da ke jikin ruwa, kuma wuƙar Sin marar suna da ta ci gwajin nan ta fi mai babban suna da ke rawa.

Ga shawarar da na fi so ka riƙe: wuƙa ɗaya ba za ta yi maka duka ba, biyu kake buƙata. Yawancin abin da ke kashe kaifi a aikinka ƙazamin yanka ne, buhun siminti, kwalin fanel, fayif mai yashi a jiki, igiyar da ta sha ƙasa. Wannan aikin wuƙa mai canjin baki ne, irin wadda ake sa wa 'yan gajerun reza masu kauri, in gefe ɗaya ya mutu a juya, in duka sun mutu a jefar a sa sabo. Akwai masu naɗewa da makulli, mariƙin ƙarfe ko roba mai tauri, kuma bakinsu ana sayar da shi a fakiti. Ita ce rezar da ka saba da ita, an yi mata mariƙi da mutunci. Ɗayar, mai kyan, ka bar ta ga aikin tsabta.

Feren waya kuwa, musamman 'yan 1.5 da 2.5 da kake ja kullum, ba aikin wuƙa ba ne tun asali. Sayi filayar fere waya mai ramuka gwargwadon kaurin kowace. In ka zagaye waya da kaifi a tsaye, kana yi wa jan ƙarfen ciki ɗan rauni da ido ba ya gani. A nan za ta karye ranar da aka lanƙwasa ta cikin akwatin soket, ko ta riƙa ɗumi in an ɗora mata kaya, a kira ka bayan wata shida a ce aikinka bai yi ba. In dole sai da wuƙa, kwantar da kaifin ka fere a karkace yadda ake fiƙe fensir, kana turawa waje, ba wajen jikinka ba.

Kada mariƙin katako ko na roba ya ruɗe ka ka ɗauka kariya ce daga lantarki. Kayan da aka yi don aiki kusa da wuta suna ɗauke da alamar 1000V da lambar IEC 60900, kuma wuƙar aljihu ba ta cikinsu. An ɗauke wuta ba dalili ba ne, ana iya dawo da ita kana tsakiyar yanka, ko maƙwabci ya ta da janareto ta biyo layi. Kashe daga babban makunni, ka gwada da testa. A sola abin ya fi haka, domin fanel ba ya jiran izinin kowa, muddin rana na dukansa yana ba da wuta, kuma in an jera su da yawa a layi ɗaya ƙarfin yana kaiwa ɗaruruwan bolt. Batir kuma, ruwan wuƙa ya faɗa tsakanin kawunansa biyu, tartsatsin da zai tashi ya isa ya narkar da bakin ƙarfen ya ƙona maka fuska. Ka naɗe ta ka sa aljihu kafin ka sunkuya kan batir.

Sai dutse. Ina zargin rabin wuƙaƙen da ka yar ba mutuwa suka yi ba, dakushewa suka yi, kuma dakusasshiyar wuƙa ita ke sa mutum ya danna da ƙarfi har ta zame ko ta naɗe. Sayi dutsen wasa wuƙa mai fuska biyu, mai kaushi da mai laushi. Jiƙa shi, kwantar da ruwan, ka ɗaga bayansa daga dutse wajen milimita 6 ko 7 in faɗin ruwan santimita 2 ne, wannan ya ba ka kusan digiri 20. Yi ta gogawa a gefe ɗaya har ka ji ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ya taso a ɗaya gefen, daga gindi har tsini, sannan ka juya. Koma fuska mai laushi da hannu marar nauyi. Ka roƙi dukawa guntun fata, ka manne shi a katako, ka riƙa jan wuƙar a kai baya-baya sau goma kowace safiya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne miƙa ta ga mai walda ya ɗora a giranda. Da ka ga bakin ya sauya launi ya yi shuɗi, zafi ya kashe taurin wurin, ba zai sake riƙe kaifi ba sai an cinye har inda ya ƙone. Ƙusar tsakiya kuma, hure ƙurar, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki, ka goge sauran. Giris da man gyaɗa tara ƙasa suke yi su daskare.

Rabin gaskiyar kawu ita ce maƙeranmu sun iya wuƙa, kuma sifirin tsohuwar mota da ake yawan ƙera ta da shi ƙarfe ne mai kyau. Amma gwanintarsu ta fi ƙarfi a tsayayyar wuƙa mai kube, ita kuwa mai naɗewa rayuwarta a daidaiton makulli take, aikin da injin ya fi guduma iyawa. Ka je Assada ɗin, ka faranta masa, ka sa a yi maka gajera mai kauri wadda ba ta wuce tafin hannu ba, marar tsini, a ɗinka mata kube. Ta zauna a ƙasan jakar kayan aiki don babban kebul da aikin ƙarfi, ba a ƙugu ba. Ba abin da zai naɗe a jikinta.

Lissafin kuɗin: wuƙar aljihunka kada ta wuce abin da kake samu a kwana ɗaya, in ta yi tsanani biyu, domin wuƙar ma'aikaci ɓata ya fi kashe ta, ko a cikin silin ko a kan rufin wani. Daga ragowar kuɗin makon ka fitar da na filayar fere waya, dutse, mai canjin baki da fakitin bakinta. Abin da ya saura ka miƙa wa mai ɗakinka, ka faɗa mata an ce ta yi gaskiya.

Yaran naka kuma, daina ba su aron taka. Saya wa kowannensu mai canjin baki mai arha, ka ce tasa ce, in ta ɓata shi zai saya. Ka koya musu miƙa wuƙa a rufe, da yanka waje da jiki, tun kafin su ma su kai ga ɗinki. Taka ka ɗaura mata jar igiya ko ka shafa wa mariƙin fenti mai haske don ka hango ta a cikin tarkace. In an zauna cin abinci wani ya ce ba shi ya fere mangwaro ko rake, a wanke ta da sabulu tukuna, ta sha mai da robar waya tun safe.